Rahoton Ayyukan Shekara: Jin Ra'ayin Jama'a kan Makomar Filayen Tsofaffin Masaƙun Kakuri

Zuwa ga iyayen ƙungiya, dattawa, da dukkan mambobi maza da mata, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Kamar yadda babban taron bara ya umarta, kwamitin zartarwa ya mayar da hankalinsa bana kan aiki guda, wato jin ra'ayin tsofaffin ma'aikatan masaƙa, da iyalan waɗanda suka rasu, da sauran mazauna unguwannin Kakuri, Makera da Nasarawa a Kaduna, game da abin da ya kamata a yi da filayen masaƙun da suka daina aiki, musamman idan aka zo ga maganar mayar da su gidajen kwana. Mun ɗauki wannan aiki ne domin fili mai faɗi da ke cikin gari, kusa da titi da layin dogo, ba ya daɗewa ba a sa masa ido ba, kuma idan jama'a suka jira sai sun ga an kafa allo an fara sauke bulo kafin su yi magana, to sun makara. Tun ran gini tun ran zane.

Ya dace a tuna wa matasan mambobi abin da waɗannan filaye suke nufi. Masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) ta fara aiki a 1957, a zamanin Firimiyan Arewa Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta hanyar haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila, da niyyar a riƙa saƙa audugar Arewa a Arewa maimakon a loda ta a jirgin ƙasa zuwa teku. Cikin shekarun 1960 sai masaƙun Nortex da United Nigerian Textiles Limited (UNTL) da Arewa Textiles suka biyo baya, da jarin 'yan Hong Kong a UNTL da na Japanawa a Arewa, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa ta ƙasa, kuma ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan masaƙu da aka kafa a 1978 ta ajiye hedikwatarta a nan. Audugar Funtuwa da Gusau da ƙasar Zazzau ita ce take shigowa ta fita a matsayin akoko da atamfa. Daga baya abubuwa suka taru suka durƙusar da harkar: tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 da rushe hukumar auduga a shekarar, rashin tsayayyar wutar lantarki, tsadar baƙin man da tukwanen tururi suke sha, ɗage takunkumin shigo da yadi a 1997, da fasa-ƙwaurin da ya cika kasuwanni da kaya masu araha. KTL ta rufe a 2002, UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007. Unguwanninmu sun girma ne a gindin waɗannan masaƙu, shi ya sa duk abin da zai faru bayan katangarsu ya shafe mu kai tsaye.

Yadda aka gudanar da jin ra'ayin

Kwamiti ya ga cewa taro guda a babban ɗaki ba zai wadatar ba, domin a irin wannan zama masu ƙarfin murya ne suke cinye lokaci. Saboda haka aka rarraba aikin unguwa-unguwa, aka nemi izinin masu unguwanni, aka roƙi limamai da fastoci su yi sanarwa, sannan aka keɓe zama na mata su kaɗai, da na matasa, da na 'yan haya. An yi magana da Hausa da Turanci, inda ake buƙata kuma aka samu mai fassara zuwa Gbagyi. Waɗanda tsufa ko jinya ta hana su fitowa an bi su gida. Kwamiti yana ganin wannan bin gida-gida shi ne ya fi kowane ɓangare amfani, ko da yake ya fi cin lokaci da kuɗin mota.

A ɗaya daga cikin waɗannan ziyarori wani dattijo da ya yi aiki a sashen saƙa ya sa jikarsa ta ɗauko wata leda daga ƙarƙashin katifa, ya warware ta a gabanmu: katin shaidar aiki da hotonsa yana saurayi, takardar ɗaukar aiki, da takardar albashin ƙarshe wadda ta yi laushi har rubutun ya fara dusashewa. Kunnensa ya yi nauyi saboda ƙarar injuna, sai an ɗaga murya yake ji. Abin da ya nema shi ne a rubuta sunansa daidai a duk wata takarda da za a kai gaba, kuma a rubuta sunan matarsa a ƙarƙashi, domin idan ya riga ta tafiya kada a ce ba a san ta ba. Wannan ziyara ce ta sa kwamiti ya faɗaɗa rajistar mambobi ta haɗa da sunayen magada, ya kuma fara ɗaukar hoton takardun kowa da waya ana adanawa a wuri biyu.

Abin da jama'a suka ce

Magana ta farko da ta fito a kusan kowane zama ita ce ta haƙƙoƙin ma'aikata. Akwai mambobinmu da aka rufe wuraren aikinsu ba tare da an biya su garatuti da sauran kuɗin sallama ba, da yawa sun rasu suna jira, matansu da 'ya'yansu ne yanzu suke zuwa taro a madadinsu. Ra'ayinsu ɗaya ne, kuma kwamiti ya goyi bayansa ba tare da wata inda-inda ba: duk filin masaƙar da ake bin ta bashin ma'aikata, kada a sayar da shi, kada a ba da shi jingina, kada a shiga yarjejeniyar gini a kansa, sai an rubuta a cikin yarjejeniyar yadda za a biya wannan bashi da lokacin da za a biya. Filin shi ne kadara mafi daraja da ta rage, idan ya fita hannu babu sauran abin da za a kama.

Bayan wannan sai ra'ayi ya rabu, kuma bai kamata a ɓoye wa mambobi hakan ba. Yawancin dattawa ba sa son jin maganar gidaje ko kaɗan. A ganinsu, ranar da aka yanka filin masaƙa fuloti-fuloti, ranar ce aka binne begen dawowar aiki, kuma suna tuna lokacin da jiniya take kaɗawa a canjin aiki kekuna su cika titi, masu tuwo da masu shayi a bakin ƙofa su sayar da komai kafin azahar. Matasa da 'yan haya kuwa suna kallon abin ta wata fuska. Sun taso ne suka tarar da katanga da ciyawa da injunan da tsatsa ta ci, alhali su kansu suna cunkushe iyali guda a ɗaki ɗaya ko ciki da falo, gida mai haya goma yana raba bayi ɗaya, kuɗin haya kuma yana tashi duk shekara. Wata mai ɗinki ta faɗa a zaman mata cewa ita ba ta ƙi masaƙa ta dawo ba, amma 'ya'yanta mata sun girma kuma har yanzu labule ne ya raba shimfiɗarsu da ta 'yan'uwansu maza.

Kwamiti ya daɗe yana tattauna wannan saɓani, kuma matsayar da ya cimma ita ce ɓangarorin biyu suna da gaskiya, filayen kuma suna da faɗin da zai ɗauki buƙatun biyu. Masaƙa ta zamani ba ta buƙatar yawan fili da yawan hannaye irin na da. Don haka muna ba da shawarar a bar wani kaso na kowane fili a matsayin wurin sana'a, ko masaƙa ko rumfunan ɗinki da rini da gyaran injuna, sauran kuma a yi gidaje. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a zagaye wurin da doguwar katanga a gina manyan gidajen da babu ɗan unguwa ko ɗaya da zai iya shiga sai a matsayin mai gadi. Gidajen da jama'a suka nema su ne masu ɗaki biyu ko uku, da ruwa da magudana, wasu na haya mai sauƙi wasu na biya sannu a hankali, tare da kaso bayyananne da aka keɓe wa tsofaffin ma'aikata da magadansu. An yi mana bayanin Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi dominsa, ana kuma ba da rance ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwan kashi 6 cikin ɗari. Tsari ne mai amfani ga mai albashin wata, amma mafi yawan mambobinmu masu sana'ar hannu ne da 'yan kasuwa, don haka muke son a duba hanyar shiga ta ƙungiyar gama-kai.

Akwai wata magana da dattawa Musulmi da Kirista suka kawo da kansu ba tare da an tambaye su ba. Rikice-rikicen 2000 da 2002 sun raba mazaunin Kaduna, mutane suka bar gidajen da suka daɗe a ciki suka koma inda masu addininsu suka fi yawa. A cikin masaƙa kuwa Bahaushe da Bagwari da Bajju da Tibi da Bayarabe da Ibo sun yi aiki a layi ɗaya, sun yi yajin aiki tare, sun je bikin juna da jana'izar juna. Dattawan sun roƙi cewa idan za a yi gidaje a wannan ƙasa, a raba su ta hanyar da za ta haɗa jama'a, a keɓe wurin masallaci da na coci tun a zanen farko, kada a bar rabon ga dillalai. Kwamiti ya ɗauki wannan a matsayin sharaɗi, ba ado ba.

Lafiyar ƙasa da tarihin wurin

Ɗaya daga cikin 'ya'yan mambobi da ya karanci tsara birane ya ja hankalinmu ga abin da ba mu ba shi muhimmanci ba da farko. Shekaru da dama ana rini da wanke yadi da sinadarai a wasu daga cikin waɗannan wurare, ana kuma ajiye baƙin mai a tankuna, kuma duk wanda ya zauna a Makera ya san yadda ruwan magudana yake canza launi kafin ya faɗa Kogin Kaduna. Gina gida a irin wannan ƙasa ba tare da an auna ta ba haɗari ne, musamman ga jama'ar da suka dogara da rijiya da burtsatse. Haka nan dole a bincika tsofaffin rufi ko akwai asbestos, wani ma'adini da ake haɗa kwanon rufi da silin da shi a da, kafin a rushe, domin ƙurarsa tana lalata huhu. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi cewa a baje rahoton manyan ayyuka a bainar jama'a domin su yi sharhi, kuma kwamiti ya naɗa mutanen da za su riƙa bibiyar irin wannan sanarwa.

Game da tarihi, babu wanda ya nemi a bar dukkan gine-ginen yadda suke. Abin da aka nema shi ne a bar babbar ƙofa, da zauren saƙa guda ɗaya da wasu injuna a ciki, a mayar da shi wurin koyar da sana'a da ajiye hotuna da takardu da samfurin yadin da aka saƙa a nan. Mambobi sun riga sun fara kawo abin da suke da shi, har da turamen atamfa da wasu iyaye mata suka adana tun aurensu. Za mu rubuta wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa domin neman shawara.

Doka da matakin gaba

Wata lauya, 'yar ɗaya daga cikin mambobi, ta yi mana zama kyauta a kan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ta bayyana cewa ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, cewa mai takardar mallaka ba ya iya mayar da ita ga wani sai da amincewar gwamna, kuma filin da aka bayar domin masana'anta ba ya zama na gidaje sai an nemi izinin canza amfaninsa. Wannan yana nufin akwai ƙofofin da dole kowane mai gini ya bi, wato KADGIS mai kula da takardun filaye da KASUPDA mai ba da izinin gini, kuma a waɗannan ƙofofi ne ya kamata muryar jama'a ta riga shi isa. Tun da yake KTL mallakar jihohin Arewa 19 ce, takardarmu za ta je ga NNDC, kamfanin zuba jari na jihohin Arewa, da ƙungiyar gwamnonin Arewa, baya ga ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu da wakilanmu a majalisar jiha.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi daban. A nan dai a sani cewa an gudanar da aikin gaba ɗaya da kuɗin wata-wata da gudummawar mambobi, ba a karɓi ko kobo daga dillali ko ɗan kwangila ba, kuma kwamiti yana roƙon babban taro ya mayar da wannan ƙa'ida a rubuce. Muna godiya ga masu unguwanni, da shugabannin addini, da makarantun da suka ba mu aron azuzuwa. Muna kuma miƙa ta'aziyya ga iyalan mambobin da suka rasu cikin shekarar.

Daftarin takardar matsaya yana hannun sakataren kowace unguwa, za a karanta shi da Hausa da Turanci a babban taro kafin a kaɗa ƙuri'a a kansa. Duk wanda bai kawo takardun aikinsa ko na mahaifinsa an ɗauki hotonsu ba, ya kai wa sakataren unguwarsa kafin ranar taron, domin jerin sunayen da za a haɗa da takardar matsayar daga rajistar za a ciro shi.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa.