Masu Nazarin Tarihin Afirka Ma Suna Buƙatar Tallafin Karatu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in amayar da wani abu da ya tsaya mini a maƙogwaro.

Ni tsohon malamin tarihi ne, shekara 31 na yi ina shan ƙurar alli a sakandare kafin in ajiye aiki. Akwai 'yar ƙanena marainiya a hannuna, tana aji uku a Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, nan Samaru. Watan jiya wata ƙawarta ta turo mata sanarwa cewa wani kamfanin mai ya buɗe tallafin karatu ga ɗaliban digirin farko. Muka ɗunguma ni da ita zuwa wani shagon kwamfuta. Yaron shagon ya shigar da sunanta da jiharta da makinta, makin da ko maƙiyi ya gani sai ya jinjina. Da aka zo zaɓen fanni ya yi ta gangarawa: injiniya iri-iri, likitanci, kimiyyar ƙasa, kwamfuta. Ya kai ƙarshe, ya koma sama, ya sake saukowa, sannan ya waiwayo ya ce, "Baba, ai babu tarihi a nan." Na biya shi ladan aikinsa muka fito. Har muka iso gida ba ta ce uffan ba.

Ban ga laifin kamfanin ba. So duka so ne, amma son kai ya fi, mai haƙar mai kuwa injiniya yake nema. Na kuma san za a ce ga bashin karatu na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya, da aka fara bayarwa a 2024, wanda bai ware wani fanni ba. Haka ne, ya share wa iyaye da yawa hawaye. Amma bashi daban, tallafi daban. Tallafi shi ne ake gaya wa yaro cewa abin da yake karantawa yana da daraja a idon mutanensa.

Bari in faɗi abin da yarinyar nan take son rubuta kundinta a kai. A cikin adakar mahaifiyata akwai wata wasiƙa ta ajami, takardar ta yi ja kamar an jiƙa ta da ruwan goro, gara ta ci gefe ɗaya. Ƙanen kakana ne ya aiko ta. Ya bar Zazzau a ƙasa da niyyar hajji, ya yada zango a Sudan, bai sake dawowa ba. Ran da na nuna mata, sai ta shimfiɗa ta a kan faifai, ta haska da fitilar waya, tana bin baƙi tana haɗawa da ƙyar, ni ina gyara mata wasali. Ya gaida kowa da sunansa har da waɗanda suka rasu bai sani ba, ya tambayi ko rijiyar gidan tana nan. Tun daga ranar ta ce ita Hausawan Sudan za ta bincika, tun daga ayarin da ya bi Sarkin Musulmi Attahiru, waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi a 1903 suka nausa gabas har suka kafa garin Mai Wurno.

Kuma ba gabas kaɗai muka watsu ba. Ɗalibaina nawa ne suka riƙe baki da na gaya musu cewa a Bahiya ta ƙasar Barazil, hukuma ta bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a 1807? A 1835 kuma, cikin watan azumi, bayi Musulmi, akasarinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka yi bore a birnin Salbado, aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ga Muhammadu Ali Sa'id, ɗan Barno da aka sayar, wanda ya ƙare da shiga soja a yaƙin basasar Amurka. Ga zangunan Kumasi da Ankara a ƙasar Gana. Wannan shi ne nazarin Afirka da 'ya'yanta na ƙetare, ba wani baƙon ilimi ba ne.

Zariya ma ta fi kowa sanin haka. M. G. Smith da ya rubuta tarihin sarautar Zazzau haifaffen Jamaika ne. Patrick Wilmot, wanda ya koyar a Samaru har gwamnatin soja ta kore shi a 1988, shi ma daga can ya zo. A nan Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman suka yi wa nazarin tarihi sabon tubali. Can Amurka kuwa, sai da ɗalibai suka yi yajin karatu a San Faransisko a 1968 kafin a buɗe wa nazarin baƙar fata sashe na kansa, yau ga shi jami'o'insu suna tallafa wa masu wannan karatu tun daga digirin farko. Wasunsu su koyi Hausa, su zo mu shimfiɗa musu tabarma mu dama musu fura, su koma su rubuta littafi, mu saya da dala. Allah Ya yi musu albarka, sun yi aikinsu. Namu yaran ne kuɗin mota zuwa Kaduna ke gagara.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: kuɗin zuwa cibiyar binciken tarihi ta Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, kuɗin ɗaukar hoton takardu, da ɗan goron dattawan cikin birni da za a je a yi hira da su. Ina kira ga attajiran Zariya da tsofaffin ɗaliban Samaru, da fatan fadar Mai Martaba za ta sa baki, a kafa asusu ko da na naira dubu 100 ne ga ɗalibi a shekara, ga 'yan aji uku da aji huɗu na tarihi da harsunan Afirka. Malamansu su zaɓa bisa ƙwazo, ba da takardar wani babba ba. Sharaɗi ɗaya: duk wanda ya ci, ya taƙaita bincikensa da Hausa a buga a jarida irin wannan. Ɗan siyasar da ke raba babura, kuɗin babur ɗaya ya ishi yara da dama.

Ni dai na gutsura daga fanshona, ranar Litinin yarinyar za ta hau mota a Kwangila. Asalin wasiƙar na hana ta, hoto ta ɗauka. Wurin da ƙanen kakana ya rubuta sunan garin da ya zauna, nan ne daidai gara ta ci, saura harafi biyu. In akwai mai karatu da ke da dangi a Sudan kuma ya san Zazzagawan can, don Allah ya aiko da bayani ta hannun Edita.

Naka,
Tsohon malamin tarihi,
Tudun Wada, Zariya.