Aikin Ƙera Siffofi da Takarda Ba na Yini Ɗaya Ba Ne

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja hankalin malamai masu shirya bitar ƙera siffofi da tsofaffin jaridu. Ku ware aƙalla kwana 3.

A fara haɗa ƙirar da waya da kwali. Tulu ko ƙwarya sun fi sauƙi ga yara. A dama kofi 1 na fulawa da kofi 2 na ruwa, a zuba gishiri cokali 1 don hana fumfuna. A yayyaga takardar da hannu, domin yankan almakashi ba ya kwanciya sumul.

A riƙa tsoma takardar a cikin damun fulawar ana shimfiɗawa a kan ƙirar. Kada a wuce shimfiɗa 3 kafin a shanya, a inuwa mai iska. In aka yi fenti ciki da danshi, zai ruɓe ya yi wari, musamman da damina. A nisanta shi daga ɓeraye.

Na gode.