Yaya, Kada Kowa Ya Shiga Ramin Nan

Jidda, daren Juma'a

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan mutanen gida. Ka gaishe mani da Baba da Inna, ka ce masu ina nan lafiya lau, ina neman albarkarsu. Ina gaida Kawu, da maƙwabtanmu na Ƙofar Marusa baki ɗaya.

Saƙon muryar da ka aiko ranar Talata shi ya hana ni barci. Ka ce sokawen gida ya cika har ya fara tumbatsa ta bayan ɗakin Inna, kuma kun yanke shawara Auta da abokansa biyu su yashe shi da bokiti kafin ruwa ya sauka, tunda mai motar zuƙa ya tsawwala kuɗi. Na so in kira ka a take, sai na ga magana a waya iska ke kwashe ta. Shi ya sa na zauna na rubuta, don ka karanta wa Baba a gaban Auta.

Da farko akwai abin da na ɓoye maku, kuma ina roƙon gafara. Na ce maku a kamfanin ruwa nake aiki. Ruwa ne, amma ba na sha ba. Aikinmu zuƙe ramukan ƙazanta da wanke manyan tankunan dagwalo na otal-otal da masana'antu da gidajen haya. Larabawan nan suna ce wa ramin bayyara, motar kuma wayit. Idan ka ga tankar da aka shafa wa ruwan ɗorawa a titin Jidda, to irin tamu ce. Na yi shiru ne don na san yadda ake kallon mai yasar masai a gida, yadda yara ke toshe hanci idan ya gifta, ba na so a riƙa yi wa Inna gori a gidan biki. Yanzu na daina jin wannan nauyin. Da kuɗin nan aka sake rufin ɗakin Baba, kuma halal ne.

Mu shida ne a ɗaki: ni, da wani bawan Allah ɗan Maraɗi wanda muke Hausa da shi har ƙishin gida ya ɗan lafa, da 'yan Bangaladash uku, da ɗan Nefal ɗaya. Muna fita bayan Asuba, mu tsaya mu karya da tamis da ful, wato gurasarsu da dafaffen wake, sai aiki. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki cikin rana tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 3, don haka lokacin zafi rabin aikinmu na dare ne. Abin da muka zuƙo can Khumra muke kai shi, kudu da gari, inda matatar ruwan ƙazanta take. Tsofaffin direbobi suna ba mu labarin da, lokacin da ake juye komai a wani tafki gabas da gari wanda ake kira Tafkin Miski, har sai bayan ambaliyar 2009 da ta ci mutum fiye da ɗari aka ji tsoron kada ya ɓalle wa gari, aka zuƙe shi.

To ga abin da nake so ka ji da kunnen basira. Abin da ke kisa a cikin rami ba ƙazantar ba ce, iskar ce. Kashi idan ya daɗe a rufe yana haifar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka ba ta tashi sama, kwanciya take a gindin rami. Mugun halinta shi ne idan ta yi yawa sai ta kashe hanci. Mutum ya ji warin ya ɗauke, ya ce alhamdulillahi rami ya huce, alhali a lokacin ne ta fi ƙarfi. Idan ta kai maƙura, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da ƙato, ko ihu ba zai samu yi ba. Kuma tana ɓuya a cikin laka. Rami zai iya zama lafiya da safe, ana soka shebur a dama lakar ƙasa sai ta taso gaba ɗaya.

A nan ba mai saka ƙafa a tanki sai an cika sharuɗɗa. Akwai wata na'ura kamar ƙaramar rediyo da ake zura ta da igiya, a gwada sama, a gwada tsakiya, a gwada ƙasa. Iskar numfashi, wato oksijin, kusan kashi 21 cikin 100 take na iskar sarari. Ta sauka ƙasa da 19.5, na'ura ta fara kuka. Mai warin ƙwan nan kuwa, kashi 10 kacal cikin miliyan ya isa ta yi ƙara. Tana gwada iskar da ke kama wuta ita ma. Sannan a kunna fanka mai dogon tiyo ta yi ta hura sabuwar iska ciki, ba a kashe ta sai an gama. Mai shiga yana sanye da ɗamara, igiyarta na rataye a wani ƙarfe mai ƙafa uku da aka girka a bakin rami kamar murhu. Mutum ɗaya kuma aikinsa kawai tsayuwa a baki yana kallo, yana kiran sunan na ciki lokaci lokaci. Ba ya ɗauko ruwa, ba ya amsa waya. Shugaban aiki ya sa hannu a takarda, sannan a shiga.

Ba zan ce maka kullum haka ake bi ba. Wata ranar Laraba cikin watan Sha'aban, an tura mu wani gidan haya mai hawa biyar. Mai gidan yana ta faɗa, mudir, wato manajanmu, yana ta bugo waya wai akwai wani aikin yana jira. Tiyo ya toshe a ƙasa. Aka gwada iska sau ɗaya daga sama, aka ce lafiya, fankar ma ba a sauke ta daga mota ba. Ƙaramin cikin 'yan Bangaladash ɗin nan, yaro sa'an Auta, shi ya sauka. Ni ne a baki. Ina kallonsa ya sunkuya ya girgiza bakin tiyon, laka ta yi ɓul-ɓul, na'urar ƙirjinsa ta ɗauki kuka. Ya ɗago kai ya dube ni, ya miƙo hannu zai kama tsani, sai gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Yaya, wallahi ban san lokacin da ƙafata ta hau matakin farko ba. Ɗan Maraɗin nan ne ya shaƙo wuyan rigata ta baya ya fizgo ni, yana cewa, "Igiya! Ja igiya, kada ka sa mu ɗauki gawa biyu!" Muka murɗa, muka fito da shi kamar guga, leɓunansa sun canza launi. Kwanansa uku a asibiti. Ya rayu, amma har yau yana fama da ciwon kai da mantuwa.

Abin da ya fi ci mani rai, washegari mudir cewa ya yi yaron ne bai yi hankali ba. Mu biyar muka ƙi hawa mota sai da aka yarda cewa ba fanka, ba shiga. An yanke mana kuɗin yini ɗaya. Mutum da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, a hannun kamfani ba ya son yawan magana, amma ranar mun yi, kuma tun daga nan ba a sake barin fanka a mota ba.

Ka duba, wannan yaro da ɗamara da igiya da na'ura da mutum huɗu a kansa, da ƙyar ya sha. Auta me gare shi? Gajeren wando da bokiti. Na san za a ce ai mutanen da suna yi. Suna yi, kuma kai ma ka sha jin yadda labarin ke ƙarewa: ɗaya ya shiga bai fito ba, ɗan'uwansa ya bi shi, na uku ya bi su, sai 'yan kwana-kwana su zo su fito da su a jere. Zumunci ne ke tura na biyu da na uku, shi ya sa nake jin tsoronka kai kanka, don na san ba za ka iya tsayawa kana kallon Auta a ƙasa ba.

Kada wani ya kawo dabarar masu haƙar rijiya ta zura fitila a ga ko za ta mutu. A ramin masai akwai iskar da ke kamawa, fitila ko ashana ko sigari na iya tayar da murfin da wanda ke kansa. Fitilar ma tana iya ci da kyau alhali gubar na nan. Ɗaure hanci da rawani ko takunkumin asibiti wari kawai yake ragewa. Kananzir da baƙin mai da ake zubawa su ma ƙara haɗari suke.

Na tura kuɗi ta hannun wanda ya saba kawo maka, za su isa kafin Litinin in sha Allah. Ka kira mai mota ya zuƙe daga sama, ko nawa ya ce a ba shi. Idan ya ce laka ta daskare sai yaronsa ya shiga, ka ce ya zuba ruwa ya dama da dogon ƙarfe daga waje, kowa ya ja baya, ya sake zuƙa. Ɗan wani ma ɗa ne, kada ya shiga a gidanmu. Kafin nan a ɗora ƙarfe ko katako mai nauyi a bakin, a hana yara wasa a wajen, a kwashe tukwanen Inna daga kusa. Abin da ya rage a sa birkila ya zuba sabon murfi, ya kafa bututun fitar da iska wanda ya zarce katanga.

Ka ce wa Auta idan kuɗin da zai samu ne yake hange, ni zan ba shi, ya ƙara a na makaranta. Ka ɗauko mani hoton motar a ƙofar gida ranar da ta zo. Idan ɗan Kawu zai taho Umara, Inna ta sako mani daddawa da kuka da yajin nan nata.

Wassalam,
Ƙanenka