Amsa ga Alhaji Mai Magani: Ba Garkuwar Jama'a Nake Karyawa Ba

Assalamu alaikum, Alhaji.

Tambayarka ta iso ni, tunda a rediyo ka yi ta, duk Jos na saurare. Ka ce in dai kumburi yana cikin kariyar da Allah ya yi wa jiki, me ya kai ni binciken abin da ke kashe shi, ko Turawa ne suka biya ni in raunana jama'a? Zancen yawan Turancina da wasa da ɓeraye na bar maka. Amma a ce ni, da aka san gidanmu a Gangare, na sayar da lafiyar 'yan'uwana, wannan ba zan haɗiye ba.

Ranka ya daɗe, ƙwayar cutar taifot da danginta suna ɗauke da guba a jikin ɓawonsu na waje, ana kiranta LPS. Jiki yana gane ta da wani furotin mai suna TLR4, abin da masanin Amurka Bruce Beutler ya tabbatar a 1998, har ya sami kyautar Nobel a 2011. Da zarar an gane ta, sai wani furotin, NF-kB, ya ba da umarni: zazzaɓi ya tashi, jini ya taru, wuri ya kumbura. Naman da ya dagargaje a haɗarin mota ma yana iya tayar da wannan hanya ko babu ƙwayar cuta. Har nan ba mu saɓa ba.

Abin da ba ka gaya wa masu sauraro ba shi ne, NF-kB ɗin nan da kansa yake sa a ƙera A20, furotin da ke komawa ya katse saƙon. Wato jiki ya zo da birkinsa, ba ni na saka masa ba. Duk wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo a babbar mota ya san ba ƙarfin inji ake roƙo a wurin ba. A 2000 an cire wa ɓeraye A20 a Amurka. Kumburi ya kama hanta, ƙoda, hanji da gaɓoɓi, suka rame suka mutu da ƙuruciya, kuma 'yar gubar da lafiyayye zai jure ta kashe su. A 2016 aka bayyana iyalai masu ƙarancin A20, suna fama da gyambon baki da zazzaɓi tun yarinta. Sefsis kuwa, inda garkuwa ke wuce gona da iri ta lalata gaɓoɓin mai ita, an ƙiyasta ya kashe mutum miliyan 11 a duniya a 2017.

Na fahimci damuwarka. Wanda ke sayar da kwalba yana cewa tana "ninka garkuwa" ba zai so a ji cewa garkuwa ma tana kisa ba. Abin da ke ƙona mini rai, kai lasifika kake da ita a kasuwar Taminus, mu kuwa in an ɗauke wuta samfuran gwaji na watanni ke ruɓewa a firji, kuma mu ne maciya amana.

Ka aiko da kwalba ɗaya ɗakin gwajinmu. Ba zan karɓi ko sisi ba, sakamakon kuma a rediyon nan za a karanta shi.

Wassalam,
Ɗanka mai bincike, Jos