Kano Ba Ta Zaɓi Shagari Ba a 1979

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da shirinku na daren Lahadi. Baƙon naku ya buɗe baki ya ce wai mutanen Kano ne suka ɗora Alhaji Shehu Shagari a kan mulki a 1979, mai gabatarwa kuwa sai "haka ne, haka ne" yake yi. Wallahi ba haka ba ne! Anya an ma haifi baƙon nan a lokacin?

Da hannuna na kaɗa ƙuri'a ranar 11 ga Agusta, ana tsakiyar damina. Mabuɗi, alamar PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, muka dangwala, mu da matanmu, waɗanda a jamhuriya ta farko ko kusa da akwatin zaɓe ba a bari su je. Kada ku ce ni ɗan Jigawa ne, ba ruwana; sai 1991 aka yanke mu, a wancan zaɓen ƙuri'armu ta Kano ce. Malam Aminu Kano ya kwashi sama da kashi 76 cikin ɗari. Shagari ƙuri'a 243,423 ya samu, kashi 19.94.

Ai saboda Kano ta ƙi shi ne aka shiga kotu. Doka ta ce sai mutum ya sami kashi 25 a biyu bisa uku na jihohi 19. Shagari ya samu a 12, ta 13, wato Kano, ta gagara. Sai lauyansa Richard Akinjide ya fito da lissafin cewa biyu bisa uku na 19 sha biyu da biyu bisa uku ne, ba 13 ba, abokin takararsa Cif Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari ranar 26 ga Satumba. Allah ya jiƙan Shagari, ba ni da faɗa da shi. Amma lissafin lauya daban, ƙuri'ar talaka daban.

Mun san abin da muka zaɓa. Mahaifina ya sha ɗauri saboda NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam Aminu, a gabana dogarai suka tasa ƙeyarsa kan kuɗin haraji. Da Abubakar Rimi ya hau gwamna ya soke haraji da jangali, har guɗa aka yi a gidanmu. Yanzu a zo a ce mu ne muka bi masara, alamar jam'iyyar Shagari?

Ku dawo da mutumin ya gyara maganarsa a wannan filin dai. Sannan don Allah ku rage tallan maganin basir. Sau da yawa magana na daɗi sai ku katse ta da shi.

Naku,
Mai sauraro daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa