Zuwa ga Alhaji: wasan tanis na bibbiyu ba mafakar ragwaye ba ne

Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwa.

Ranar Asabar, wurin rabon kyaututtukan yara, ka miƙe a gaban iyaye da baƙi ka tambaye ni: "Koci, me ya sa kake ta tura ɗana wasan mutum biyu-biyu? Ba waɗanda suka kasa tsayawa su kaɗai ne ke komawa can ba?" Na yi dariya na ce za mu yi magana, amma ladan ya kira Azahar, aka watse. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, kuma na ga iyaye da yawa sun gyaɗa kai, ya kamata amsar ma kowa ya gan ta.

Bari in fara da inda kake da gaskiya, ranka ya daɗe. Kuɗin ba ɗaya ba ne. A babbar gasar tanis ta Wimbledon, a Ingila, ta 2024, wanda ya ci wasan ɗai-ɗai ya tafi da fam miliyan 2.7, su kuwa mutum biyun da suka ci na bibbiyu aka ba su fam dubu 650 su raba. Kai ɗan kasuwa ne, ba sai na yi maka lissafi ba. Talabijin ma ba ta cika nuna su ba. In da kuɗi da suna kaɗai ake magana, da na yi shiru.

To amma akwai wani mutum da nake so ka sani, Leander Paes, ɗan Indiya, haifaffen Kalkata a 1973. Ba dogo ba ne, bai kai mita 1.80 ba, sabis ɗinsa, wato bugun da ake fara wasa da shi, kuma ba mai tsorata kowa ba ne. A wasan ɗai-ɗai bai taɓa wuce na 73 a duniya ba. Ka ce ya kasa ke nan? Shi ne ya ci wa Indiya lambar tagulla a Olamfik na Atlanta a 1996, shi kaɗai a fili, bayan Andre Agassi ya fitar da shi a wasan kusa da na ƙarshe. A 1998 ya doke Pete Sampras, ɗaya daga cikin gwanayen tanis na duniya a lokacin. Wanda ya yi waɗannan ba rago ba ne. Abin da ya faru shi ne ya gane inda Allah ya ajiye masa baiwarsa, ya bi ta: saurin hannu a bakin raga.

Ya ci manyan gasannin tanis huɗu na duniya, wato na Ostareliya, Faransa, Wimbledon da Amurka, har sau 18, takwas a wasan maza biyu-biyu, goma a na namiji da mace. A 1999 shi da Mahesh Bhupathi suka kai wasan ƙarshe a dukkan huɗun, suka ɗauki na Faransa da na Wimbledon. A 2003 ya ci na Ostareliya da Wimbledon tare da Martina Navratilova, tana da shekara 46. A 2013 ya ci na Amurka da Radek Stepanek, shi kansa yana da 40. Ya je Olamfik sau bakwai a jere, daga 1992 zuwa 2016. Ka duba shekarun nan da kyau, Alhaji. 'Yan wasan ɗai-ɗai da yawa gwiwa ko kafaɗa kan sallame su suna ɗan shekara talatin da 'yan kai. Shi kuwa yana cin abinci da raket ɗinsa har furfura ta fara leƙowa.

Mutane suna ɗauka wasan bibbiyu tanis ne da aka raba wahalarsa gida biyu. Ba haka ba ne, sana'a ce daban. Faɗin fili a wasan ɗai-ɗai mita 8.23 ne, a na bibbiyu 10.97. Wato an ƙara ƙasa da mita uku, amma an ƙara mutum guda a kowane ɓangare. Wurin da za ka jefa ƙwallo ya ƙuntata ke nan, ga wani tsaye a bakin raga yana jira ya tare. Kuskuren taki ɗaya, ƙwallo na ƙirjinka. Tun 2006 kuma, a yawancin gasannin maza, in aka yi kunnen doki a zagaye biyu, ba a buga na uku cikakke, sai dai wanda ya riga kai maki goma da tazarar maki biyu. Babu lokacin da za ka ce bari jikina ya yi ɗumi.

Ga abin da na gani a jikin yaronka. Wata safiya a Surulere na haɗa shi da wani yaro Bayerabe da ya girme shi da shekara biyu. Abokin nasa zai yi sabis, shi yana gaba. Sai na ga ya kai hannun hagu bayansa, ya buɗe tafin, alamar "zan tsallaka". Ban taɓa koya masa ba, a waya ya gani. Abokin ya ce "to", ya buga. Kafin mai amsawa ya gama lilo da raket, yaronka ya riga ya tashi, ya yanke ƙwallon a tsakiyar raga ya dasa ta tsakanin ƙafafun ɗayan. Bai yi ihu ba. Ya koma ya taɓa hannun abokinsa, ya rufe baki da ƙwallo yana raɗa masa abin da za su yi na gaba. Na shekara fiye da ashirin a wannan harka, tun ina tsintar ƙwallo ana ba ni na koko, kuma zan iya koya wa kowane yaro sabis. Sanin inda ƙwallo za ta kafin a buga ta, wannan ba na iya koyarwa. Da shi ya zo.

Kada kuma in yi maka daɗin baki, wasan yana da nasa ciwon kai. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Paes da Bhupathi, da duk abin da suka ci tare, sun ɓata, sun rabu, sun shirya, sun sake ɓatawa. Kafin Olamfik na Landan a 2012 Bhupathi ya ƙi yarda a haɗa su, rigimar ta cika jaridun Indiya, ƙarshe Paes ya buga da wani matashi, Vishnu Vardhan. A rayuwarsa ya yi wasa da abokai fiye da ɗari. Kai da ka yi haɗin gwiwa a harkar shanu a Agege ka fi ni sanin yadda ake zaɓar abokin ciniki, da yadda ake haƙuri da shi ranar da ya jawo asara. Yaronka yana da zuciya, in abokinsa ya zubar da ƙwallo mai sauƙi sai ya haɗe rai. A nan ne nake fama da shi, ba a hannu ba.

Kuma ba sai mun je Indiya ba. Nduka Odizor, ɗan Legas ɗin nan, kowa na tuna shi da kaiwa zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kofi ɗaya ya ci a gasannin ƙwararru na ɗai-ɗai, amma ya ci bakwai a na bibbiyu, har ya kai na 20 a duniya. Ta Jami'ar Houston ya bi ya fita. Jami'o'in Amurka kuwa, in makarantu biyu za su kara, da wasan bibbiyu ake buɗewa, don haka kociyoyinsu suna neman yaron da ya iya raga. In akwai ƙofar da nake hango wa ɗanka, ita ce wannan: karatu kyauta saboda tanis. Shi ya sa nake damunsa da zancen jarrabawa fiye da yadda kake zato.

Ban ce ya bar wasan ɗai-ɗai ba, ko kusa. Shekararsa goma sha uku, zai ci gaba da buga duka biyun, yadda Paes ya yi har ya girma. Abin da nake roƙo shi ne a daina ce masa a gida "yau ma rabin kofi ka ciwo?" Ya faɗa mini, yana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Ka zo ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe, kafin hanya ta cushe. Kada ka zauna a benci. Ka tsaya a bayan shingen waya, daidai bayansa, ka riƙa kallon hannunsa na hagu. Sannan takalminsa ya cinye ta wajen babban yatsa, lamba 40 yake sawa yanzu.

Naka,
Kocin yaronka