Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Kano kan lungunan bakin Jakara da suka ɓace

Assalamu alaikum Mai girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf. Allah ya taya riƙo, ya ƙara lafiya.

Ranka ya daɗe ni ɗan cikin badala ne, kuma ba maganar diyya ko siyasa ce ta kawo ni ba, magana ce ta lungunmu na bakin Jakara wanda yau ko da fitila ka je nema ba za ka gan shi ba. Rabinsa titin Wuju-Wuju ya cinye, aikin da ka fi ni saninsa tunda kana kwamishinan ayyuka aka fara shi, ragowar kuma da aka raba gado magada suka sayar, aka rushe aka yi shaguna da sito. Ni dai ban ƙi titin ba wallahi, duk wanda ya kwana kusa da Jakara da damina ya san wari da sauro da ruwan da yake shigo wa mutane har ɗaki. Abin da yake ci min rai shi ne an tashi lungu guda da mutanensa amma babu hoto, babu taswira, babu takarda ko ɗaya da ta ce ga waɗanda suka zauna a nan.

Lungun siriri ne, in jaki ya shigo da mangala sai ka raɓe a jikin katanga ya wuce. Gidajen duk na ƙasa ne da rufin azara, kowanne da zaurensa, kuma sunan lungun ma ba a taɓa rubuta shi a allo ba, da sunan kakan mahaifinmu ake kiransa. Shi bafatake ne, yana cikin ayarin da suke zuwa Gwanja, su ɗora wa jakuna kanwa da baƙin rini da jar fata su yi wata da watanni a hanya su dawo da goro, a zauren gidanmu ake sauke kayan kafin a kai Kurmi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912 goro ya koma biyowa ta Legas, sai fataucin ƙafa ya mutu, 'ya'yansa suka koma harkar gyaɗa wasu kuma suka kama rumfa a kasuwa. Maƙwabtanmu dukawa ne, gaba da su gidan malamai mai makarantar allo inda kusan duk yaran lungun suka yi karatu, akwai kuma 'yar ƙofa ta cikin gida da mata suke bi daga wannan gida zuwa wancan ba sai sun fito waje ba, ranar suna ko biki ta nan tukwane suke yawo. Yanzu zuri'ar nan wasu suna Kurna wasu Rijiyar Zaki wasu Ɗorayi, 'ya'yanmu suna haɗuwa a makaranta ba su san kakanninsu rijiya ɗaya suka sha ba.

Kuma fa ba ƙaramin wuri ake taɓawa ba. Bakin Jakara nan ne cibiyar garin, kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, sunayen unguwannin ma kaɗai tarihi ne, Tudun Nufawa, Ayagi, Zangon Barebari, Sharifai, Dandalin Turawa inda Larabawan hamada suka zauna, kowanne yana gaya maka daga ina mutanen suka zo. Wani Bajamushe Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 sai da ya zana taswirar birnin ya rubuta sunayen unguwanni, to baƙo da alƙalami kawai ya yi wannan, mu da muke da waya mai kyamara a aljihun kowa me zai hana mu? Mun ga yadda Ƙofar Na'isa ta tafi a 2010 wajen faɗaɗa titi, an sake gina ta da siminti, ita ta ci sa'a tana da suna kowa ya yi magana, lungu kuwa shiru yake tafiya.

Roƙona ranka ya daɗe, a sa doka cewa kafin katafila ta shiga kowane lungu a cikin badala, ko aikin gwamnati ne ko ɗan kasuwa ne ya saya, sai an fara ɗaukar hotonsa gida-gida an zana shi an naɗi muryar dattawan wurin. Hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, kar ta ba da izinin gini sai an yi hakan. Hukumar Tarihi da Al'adu tana nan, ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero (BUK) suna nan suna neman abin da za su yi furojet a kai, masu unguwanni kuma sun san gidan kowa da asalinsa, a haɗa su a ajiye abin a Gidan Makama inda kowa zai iya zuwa ya gani. Kuɗin bai kai na kwalbati ɗaya ba. Lungunan da suka riga suka tafi kuma a kafa ɗan allo a gefen titi da tsohon sunan wurin, boko da ajami.

A yi sauri don Allah, domin masu sanin abin ƙarewa suke. A danginmu gwaggona ce kaɗai ta rage da za ta iya jero maka gidajen lungun daga farko har ƙarshe da sunan matan kowane gida da sana'arsu, kuma ta haura tamanin. Duk ranar da aka turo masu ɗaukar bayani ni zan kai su wurinta da kaina.

Wassalam,
Wani ɗan bakin Jakara, Kano.